Muhawara: lissafin yadin bargon haɗe-haɗe, da inda ya kamata a saye shi

Ummi: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tambaya ce a kan bargon haɗe-haɗe, mai hawa ukun nan: fuska da aka harhaɗa da ƙyallaye, auduga a tsakiya, shafi a baya. Ana son mai faɗin inci 60 da tsawon inci 72, gidaje masu inci 12, kowane gida ƙyalle tara, kala biyu kawai, shuɗi mai duhu da fari. Yadi nawa za a saya? Na biyu kuma, shin akwai bambanci na gaske tsakanin sayen yadin a ƙaramin shago da yin oda ta intanet, ko magana ce kawai?

Anti Rabi: Wa alaikumus salam Ummi. Kafin a zo kan yadi nawa, gyara tsarin tukuna. Idan kika jera gidaje masu ƙyalle tara zalla, kowanne da shuɗi a kusurwoyinsa huɗu, shuɗin wannan gida zai haɗe da na maƙwabcinsa, sai ki ga manyan dunƙulen shuɗi inda ba ki nufa ba. Ki riƙa sa farin gida guda, marar haɗi, tsakanin kowane gida biyu. Da haka shuɗin zai fito kamar sarƙa yana ratsa bargon a karkace, kuma aikin ya ragu da kusan rabi.

Sannan gida 5 a faɗi, 6 a tsawo ba zai ba ki daidaito ba, domin kusurwoyin sama za su fara da gida mai haɗi, na ƙasa su ƙare da fari. Irin wannan jeri yana son lamba mara a ɓangarorin biyu. Ki mayar da shi 5 da 7, wato inci 60 da 84. Gida 35 ke nan: 18 masu haɗi, 17 farare.

Malam Isuhu Tela: Madalla da wannan gyara, Anti. Bari in ɗora lissafin a kai.

Rarar ɗinki, wato abin da ake bari tsakanin ɗinki da bakin ƙyalle, a wannan aiki kwatan inci ce, kimanin milimita 6, ta kowane gefe. Saboda haka duk abin da ake so ya fito inci 4 bayan ɗinki, a inci 4½ ake yanka shi. Farin gida kuma 12½.

Yadin auduga na wannan aiki ana rubuta masa faɗin inci 42 zuwa 44, amma idan an cire bakin masaƙa na gefe biyu, an kuma wanke, kada a dogara da fiye da 40. A tsiri ɗaya mai faɗin 4½ za a samu ƙyalle 8, domin tara suna buƙatar inci 40½.

Hanya mafi sauri ba yanka ƙyalle ɗaya-ɗaya ba ce. A ɗinke tsiri uku a tsawonsu, shuɗi, fari, shuɗi, sannan a yayyanka su a kwance inci 4½. Ana buƙatar irin wannan yanki 36, wato haɗi 5. Sai na fari, shuɗi, fari, yanki 18, haɗi 3. Jimla tsirin shuɗi 13, na fari 11. Shuɗi ya ci inci 58½, a sayi yadi 1¾. Fari ya ci 49½, ga kuma manyan gidaje 17, uku-uku a tsiri, tsiri 6 masu 12½, inci 75. Duka 124½. Yadi uku da rabi inci 126 ne, ya yi kusa da yawa, yanka ɗaya ya karkace an shiga matsala. A sayi 3¾.

Maman Hanifa: Malam bai taɓo baya ba. Shafi da auduga su fi fuska da inci 4 ta kowane gefe, 68 da 92 ke nan. Da yadi mai faɗin 40, sai an haɗa tsawo biyu na inci 92, wato 184, a sayi yadi 5¼. In an samu yadin shafi mai faɗin inci 108, yadi 2 sun isa kuma babu ɗinki a tsakiya. A yanke bakin masaƙa kafin a haɗa, saƙarsa ta fi tsauri, in aka wanke ita ce ke jan bayan ya tattare.

Rufin baki: kewayen bargon inci 288 ne, a ƙara 12 don kusurwoyi da haɗawa, 300. Tsiri 8 masu faɗin 2½, inci 20. A sayi 24.

Ummi: Na gode ƙwarai. To idan gidan ya fito bai kai 12½ ba fa, alhali an yanka komai daidai?

Malam Isuhu Tela: Rarar ɗinki ce, ƙanwata, kusan kullum ita ce. Kowane ɗinki yana ci daga ƙyalle biyu. In kika zarce da 1/16 na inci kawai, wanda ido ba ya ma lura da shi, ɗinkin ya cinye 1/8. Layi mai ɗinki takwas ya rasa inci guda cur. Shi ya sa gida mai haɗi ke fitowa ƙarami, farin gidan da ba shi da ɗinki a ciki yana nan a 12½, su ƙi haɗuwa.

Ga gwajin da za a yi kafin a taɓa yadin gaske. A yanka tsiri uku masu faɗin 1½, a ɗinke su gefe da gefe, a goge. Dole faɗin duka ya zama 3½, na tsakiya inci 1 daidai. In ya gaza, a matsar da allura dama kaɗan, ko a manna tef a jikin keken ya zama jagora. Masu aikin suna rage kwatan da kamar kaurin zare ɗaya, domin ninkin yadi da zaren kansa suna cin wuri. Zare siriri mai lamba 50, allura 80/12, tsawon ɗinki milimita 2.

Yaya Bilki: Ƙari a kan guga. Ba a jan dutsen guga a kan ƙyallen haɗi kamar ana gugar riga. A ɗora, a danna, a ɗaga. Ja shi ne ke lanƙwasa tsiri ya koma kamar baka. Kuma in ana haɗa dogayen tsiri uku, ɗinkin farko a fara daga sama, na biyu daga ƙasa.

Rarar a kwantar da ita wajen shuɗi. Amfani biyu ne: ba za ta nuna ta cikin farin ba, kuma idan aka zo haɗa layi da layi, rarar sama ta kwanta dama, ta ƙasa hagu, sai su sarƙe da juna, mahaɗar ta fito tsaf ko ba fil.

Hajiya Talatu: Bilki, ban yarda a mayar da kwantarwa gefe ɗaya doka ba. A gida mai ƙyalle tara, haka ne. Amma inda ɗinki shida ko takwas suka taru a wuri guda, irin gidan tauraro ko na fanka, kwantarwa gefe ɗaya tana tara tudu, allura ta karye ko ɗinki ya tsallake. A nan buɗe rarar ya fi. Sai dai a rage tsawon ɗinki zuwa milimita 1.8 don bakin kada ya warware, kuma kada a bi cikin ramin ɗinkin da aka buɗe lokacin ɗinke hawa uku, don zare kawai za a taka, babu yadi.

Yaya Bilki: Gaskiya ne Hajiya, na karɓa.

Baba Ɗanladi: Ina karanta ku da jin daɗi, amma kada a tsorata masu koyo da 1/16. Wuƙar yanka mai taya da kowa ke amfani da ita yanzu, kamfanin Olfa na Japan ne ya fito da ita a 1979. Kafin nan da almakashi da kwali ake yi, an kuma yi barguna da har yau ake ajiye da su a gidajen tarihi. Matan Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka da tsofaffin tufafin aikin gona suka yi nasu, layukan ba su miƙe ba, amma da aka baje kolinsu a Houston a 2002 masana zane sun jinjina musu. Haka bargon da ake kira kanta a Bengal, tsofaffin tufafi ake jerawa a bi da ɗinkin hannu. Abin da ke ɗaukar ido shi ne yadda haske da duhu suka zauna.

Anti Rabi: Baba ya kawo mu inda nake so. Mai tsara bargo ya fi buƙatar sanin haske da duhu a kan sanin kala. Ja da kore kala biyu ne mabambanta, amma in duhunsu ɗaya, daga nesa za su narke cikin juna, tauraron da aka sha wahalar haɗawa ya ɓace. A jera yadukan, a ɗauki hoto da waya, a mayar da shi baƙi da fari. Duk biyun da suka zama toka iri ɗaya, ɗaya ya fita ko ya canja wuri.

Girman zanen jikin yadi ma haka. Babban fure in aka yanka shi inci 2, wani ƙyallen zai fito fari, wani ja, kamar ba daga yadi ɗaya ba. Manyan furanni na manyan gidaje ne ko shafi. A haɗa babba ɗaya, matsakaici, ƙanana, da wanda ba shi da zane don ido ya huta.

Tsarin kansa a zana shi a takarda mai gida-gida, kowane ɗan gida inci ɗaya ko biyu, a shafa kala, sannan a ɗinka gida guda na gwaji kafin a yanka sauran. Sai dai Baba, waɗancan matan ba su da rula amma sun san yadi a hannu. Wanda zai bi rubutaccen tsari mai gida 35, lissafin ne zai tsare shi.

Malam Isuhu Tela: Tun da an ambaci tauraro, ga ƙa'idar alwatika ga mai son ya wuce murabba'i. Murabba'in da aka raba biyu a karkace, rabi duhu rabi haske: a ƙara 7/8 a kan girman da ake so. Na inci 4, a yanka 4⅞. Ni ina ganin gara a yanka 5, a ɗinka, a datse zuwa 4½. Wanda aka raba huɗu, a ƙara 1¼.

In za a jera gidajen a kan kusurwa, tsawon gida daga kusurwa zuwa kusurwa shi ne gefensa sau 1.414. Gida mai 12 ya zama kusan 17. Alwatikan cike gefe, a yanka murabba'i mai 18¼ a raba huɗu. Na kusurwa, 9⅜ a raba biyu. Dalilin bambancin shi ne zaren yadi. Yadi ba ya miƙewa ta tsaye, yana ɗan miƙewa ta kwance, amma ta karkace yana miƙewa sosai. Wannan yanka yana sa bakin bargon ya faɗo a kan zare miƙaƙƙe. In aka juya, bakin zai yi ta lilo, guga ba ta gyara shi. Sitaci kafin yanka yana taimakawa.

Maman Hanifa: Mu dawo tambayarta ta biyu. Ummi, bambancin na gaske ne, kuma duk abin da aka faɗa a sama shi ne hujja. Shuɗin da ke fuskar waya ba shi ne shuɗin da zai iso ba, kowace waya da yadda take nuna kala. Fari ma iri-iri ne, akwai mai ɗaukar ido, akwai mai ruwan madara. Hoto ba ya nuna kaurin saƙa. A shago za ki ɗaga yadin sama ki duba ta haske: in kina hango yatsunki sarai, saƙar ta yi sako-sako, bakinsa zai zare a rarar kwatan inci, audugar ciki kuma ta riƙa leƙowa. Ki murza shi, in ya yi ƙarau-ƙarau da yawa, sitacin kamfani ne ke rufe rashin kauri, wanki ɗaya zai tona. Ki sauke bandir uku ko huɗu ki jera, ki ja baya taku biyar ki kalla.

Akwai kuma maganar rini. Yadi iri ɗaya, suna ɗaya, in ba bugu ɗaya ba ne kalarsa kan ɗan bambanta. Yawancin yadukan zamani masu zane sau ɗaya ake buga su, in sun ƙare sun ƙare. Mai ƙaramin shago da ya san ki zai iya ajiye miki ragowar bandirin, ko ya gaya miki saura kaɗan.

Yaya Bilki: Maman Hanifa, ban musa ba, amma a yi adalci. Ba kowa ke da irin wannan shago kusa da shi ba, kuma ba kowa ke da halin sayen mai tsada ba. Bai kamata wanda ya yi oda ya ji kamar ya yi laifi ba. Sannan da yawa daga masu sayarwa ta intanet su ma ƙananan 'yan kasuwa ne, mutum ɗaya da ɗakinsa. Akwai kuma ƙananan shagunan da ke yanka a karkace, ko su ce auduga ce zalla alhali da roba a ciki. Ƙanƙantar shago ba ta wanke shi.

Hajiya Talatu: Wannan magana tana kan hanya, kuma hakki ne ta ɓangare biyu. Mai shago da ke son a riƙe shi, ga nasa: ya daidaita bakin bandir kafin ya auna, ya yanka a miƙe, domin yankan da ya karkace da inci biyu ya ci wa mai saye tsiri guda. Ya kawar da yadi daga hasken rana, don layin ninki shi ke fara koɗewa kuma ba ya dawowa. Ya faɗi gaskiyar abin da aka saƙa yadin da shi. Ya yarda ya yanka kaɗan, kwatan yadi mai faɗi, inci 18 da 21, wanda ya fi siririn kwata mai inci 9 amfani ga mai haɗe-haɗe.

Mai saye kuma zai iya gwadawa a gida. A zare ɗan ƙyalle a kusanta shi da wuta cikin kula: auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri.

Baba Ɗanladi: Namu hakkin kuma, mu masu saye, ina ganin ya fi nauyi, domin abin da ke kashe ƙaramin shago ba ɓoyayye ba ne. Mutum ya shigo, a sauke masa bandir goma, a zauna a yi masa lissafi irin wanda Malam Isuhu ya yi, ya ɗauki hoton sunan da ke bakin yadin, ya tafi ya yi oda inda ya fi sauƙi. Ya kwashi ilimin kyauta ya kai kuɗin wani wuri. Wannan bai dace ba. Mai shago da kuɗinsa ya sayi bandir sukutum tun watanni kafin a gan shi, kuma sai ya sayar da mafi yawansa kafin uwar kuɗi ta dawo.

Taimakon da ke da tasiri shi ne a sayi kayan aikin duka a wurin, har zare, allura, auduga da shafi, ba ɗan ƙyallen da aka rasa a wani wuri kaɗai ba. A sayi ragowar bandir in ta dace. In suna koyarwa a shiga a biya. In an karɓi kaya bashi a biya a kan lokaci. Wanda ya ga bargon ya yaba, a gaya masa inda aka sayi yadin. Tsarin da wani ya zana yake sayarwa kuma, kada a saya ɗaya a yi ta rabawa a waya, guminsa ne.

Kada kuma a ɗauka manyan kantuna za su dawwama su cike gurbin. Joann a Amurka, mai rassa kusan 800, ya rufe su duka a 2025. Garuruwan da ƙaramin shagonsu ya riga ya mutu, sai suka wayi gari babu inda za a taɓa yadi kafin a saya.

Ummi: Allah ya saka da alheri Baba. Saura ɗaya: a wanke yadin kafin yanka ko a'a? Shuɗi da fari ne, ina tsoron zuba.

Anti Rabi: A naki, ki wanke. Shuɗi mai duhu, ja da shunayya su ne masu zuba. Ki jiƙa ɗan ƙyallen shuɗin da ruwan zafi, ki ɗora a kan fari, ki danna da dutsen guga. In ya bar alama, ki yi ta wanke shi shi kaɗai har ruwan ya fito garau. In ya ƙi dainawa, ki canja shi, kada ki sa shi kusa da fari ko kaɗan. Auduga kuma tana shiga da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, kuma yadi biyu ba lallai su shiga daidai ba.

Hajiya Talatu: Masu ƙin wankewa ma suna da hujja: sabon yadi ya fi tsayuwa a ƙarƙashin rula, kuma in bargon ya shiga gaba ɗaya bayan an gama, yana yin 'yar yamutsar nan mai kyau. Ƙyallayen da aka sayo a yanke, masu inci 5 ko tsiri masu 2½, ba a wanke su sam, za su zare su rage girma. Ƙa'idar ita ce kada a gauraya, ko duka wankakku ko duka sababbi. Amma shuɗi da fari, ina bayan Anti Rabi.

Malam Isuhu Tela: Bari in rufe da haɗa hawa ukun, don a nan ake ɓata aikin da ya yi kyau. A shimfiɗa shafi fuskarsa ƙasa, a manne gefunansa da tef, ya miƙe amma kada a ja shi. In aka ja, da an saki zai koma ya tattare fuskar. A ɗora auduga, a ɗora fuska, a shafe da hannu daga tsakiya zuwa baki. A sa fil mai makulli duk bayan inci 4, bargo mai 60 da 84 zai ci wajen 300.

A sa ƙafar keke mai haƙora, wadda ke jan sama daidai da yadda haƙoran ƙasa ke ja. Da ƙafar yau da kullum hawan sama yana zamewa gaba, sai a samu ninki a kowace mahaɗa. Allura 90/14, tsawon ɗinki milimita 2.5 zuwa 3, a fara daga tsakiya a nufi waje. A duba jikin ledar audugar, an rubuta iyakar tazarar da za a bari tsakanin layukan ɗinki, wata inci 4, wata har 10. In aka wuce, audugar za ta tsinke ta taru a dunƙule bayan wanki. Fararen gidajen nan masu inci 12 ba za a bar su haka ba, ko layi biyu a gicciye a ratsa su.

Maman Hanifa: In kuma daga baya kika so ƙara ƙyallen kewaye, Ummi, kada ki auna bakin fuskar, ya riga ya ɗan miƙe. Ki auna ta tsakiya da wurare biyu kusa da gefe, ki ɗauki matsakaicin awon, ki yanka gefen biyu tsawo ɗaya. Ki sa fil a tsakiya da ƙarshe biyu, sannan ki raba sauran. Wanda ya fi tsawo tsakanin fuskar da ƙyallen kewayen ki sa shi ƙasa, haƙoran keke za su shanye rarar.